Neman Riga a Tsohuwar Hanyar Gwanja

Bahaushen da ya tafi sayen kaya Dubai ko ƙasar Sin ya san shi baƙo ne tun daga filin jirgi. Ya riga ya shirya wa ciniki da nuni da danna lambobi a waya, saboda haka duk abin da ya tarar ba ya ɓata masa rai sosai. Wanda ya sauka a tashar motar Salaga, a arewacin Ghana, ba ya samun wannan gargaɗi. Yaron mota zai yi masa sannu da zuwa da Hausa. Mai koko da ƙosai za ta tambaye shi na nawa. Zai ji ana kwatance da Unguwar Malam, a nuna masa rijiyoyin da har yau ake kira Wankan Bayi. Kafin ya ajiye jaka ya gama yanke hukunci cewa gida ya zo, kuma daga wannan hukuncin ne takaicin da zai sha a kasuwa yake tasowa. Harshen dai nasa ne. Ranar kasuwa, lissafin kuɗi, ma'aunin yadi da yankan riga kuwa, duk na masu gari ne.

Yana da hujjarsa ta jin gida ya zo. Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja, ƙasar da Salaga take ciki, tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15. A ƙarni na 19 ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato a ƙarƙashin madugu, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Sansanin Mango su sauka Yendi, daga nan sai Salaga. Tafiya ce ta watanni. Goron da Asante ke fitarwa daga kurmi suke nema, kuma cikin abin da jakunansu ke ɗauke da shi, ban da kanwa da jemammun fatu, tufafi ne kan gaba: rigunan Kano da na Nufe, rawuna, baƙin turkuɗi mai ƙyalli. Akwai kuma bayi, abin da ba a son tunawa amma rijiyoyin garin suna tunatarwa. Bature Heinrich Barth, da ya zauna a Kano a 1851, ya ga yadda saƙa da rini suke riƙe da arzikin birnin, ya kuma ga goron Gwanja yana shigowa. Alhassan Ɗantata kansa ɗan madugu ne, kuma da fataucin goron wannan yanki ya fara tara dukiya. A taƙaice, akwai lokacin da babban mutum a Gwanja ko ƙasar Dagomba in yana son rigar fita kunya, hannun Bahaushe yake duba.

Wannan Salaga ta daɗe da watsewa. Bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, garin ya fita daga hannun Asante, su kuma suka karkatar da goronsu zuwa Kintampo. Yaƙin basasa na 1892 tsakanin gidajen sarautar Kpembe, masu iko da Salaga, ya tarwatsa sauran fataken, wasu suka nufi Kete-Krachi, cikinsu har da shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya rasu a can a 1934. Sai jirgin ruwa ya fara kai goro Ikko, jirgin ƙasa ya ɗauka zuwa Kano, jaki ya rasa aiki. Abin da ya rage tafkin Volta ya ƙarasa a shekarun 1960, da aka gina madatsar Akosombo: ruwa ya yanke hanyar kudu, mai zuwa daga Yeji sai ya jira jirgin fito zuwa Makango, babbar hanyar Kumasi zuwa Tamale ta koma yamma. Salagar yau garin doya ne da kifi da shanu. Wanda ya zo da labarin kaka a kunne, yana zaton zai ga layin masu yadi irin na Kantin Kwari, ƴan shaguna zai tarar da tebura ƙarƙashin rumfar kwano.

A bayan teburin kuma mace ce. Wannan ne abu na farko da ke rikita mutumin Kano, wanda ya saba ganin cinikin atamfa a hannun maza, daga mai dila har yaron shago. A Ghana sana'ar mata ce, kuma sau da yawa dattijuwa ce sa'ar mahaifiyarka. Salon tayi na Kwari, inda za a ce dubu talatin ka ce dubu goma, a yi ta ja ana raha har a haɗu a tsakiya, ba ya aiki a gabanta. Ta riga ta sa kuɗin kusa da inda za ta tsaya. In ka yi mata tayin wulaƙanci ba za ta yi rantsuwa da uwar kuɗi ba, za ta ce albarka ta juya ga hirarta, kuma in ka yi kamar za ka tafi don ta kira ka, sai dai ka tafi ɗin. Ga yadda cinikin yakan fara:

"Mma, sannu da kasuwa. Wannan atamfar fa?"

"Sannu ɗana. Miliyan uku."

A nan baƙo kan saki yadin ya ja da baya. Ba zolaya take yi ba, ba kuma cuta. A watan Yulin 2007 Babban Bankin Ghana ya yanke sifiri huɗu daga kuɗin ƙasar, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya. An canja takardun, amma ba a canja kawunan ƴan kasuwa ba. Har yau dattawa da yawa da tsohon lissafi suke magana, inda miliyan ɗaya take nufin sidi 100. Miliyan ukun Mma sidi 300 ne. Matsalar ita ce jikarta da ke zaune kusa da ita da sabon lissafi take magana, kuma dukansu biyu sukan haɗiye ƙarshen adadin. In aka ce maka "hamsin", yana iya zama sidi hamsin, yana iya zama dubu hamsin na da, wato sidi biyar. Ɗan gari ya san wanne ake nufi domin ya san abin da kaya suke kai. Baƙo kuwa, ko da ido makaho ne. Bayan ya warware wannan, sai ya shiga juya sidi zuwa naira a zuci, kuma a 2025 sidi ɗaya ya haura naira 100. Daga nan fuska take canjawa.

Sai batun awo. Abin da muke kira turmi guda, yadi shida, a Ghana rabi ne. Cikakken turminsu yadi goma sha biyu ne. Mutum zai ce a ba shi guda, a faɗa masa kuɗin da ya ninka abin da ya zata, ya tafi yana cewa an ga baƙo an tsuga masa, alhali kaya ninki biyu ake shirin naɗe masa.

Inda ƙorafinsa yake da tushe shi ne wajen gane na gaske. Ghana tana da masaƙunta masu suna: GTP a Tema, wanda ke cikin rukunin Vlisco na Holan, da ATL a Akosombo, da Printex a Akra. Matafiyi yakan so ya kai wa iyali ɗayan waɗannan, don a ce tsarabar Ghana ce. Amma zanen da kamfanin ya fitar a bana, kafin shekara ta zagayo an kwaikwaye shi a Sin, har da tambarin gefe, ya shigo ta tashar Lome a kan kuɗi kaɗan. A 1977 masaƙun Ghana suna ɗauke da ma'aikata kusan 25,000, zuwa 2000 sun koma wajen 5,000. Mutumin Kaduna da ya ga yadda masaƙun Kakuri suka mutu ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Mai sayarwa ta gari za ta ware maka da kanta, ta ce wannan na nan ne, wannan na Sin ne, zaɓi daidai aljihunka. Wata kuwa shiru za ta yi ta bar tambari ya yi magana. Matan gari sukan juya bayan yadin su ga ko launin ya ratsa daidai da gaba, su murza shi tsakanin yatsu su ji ko sitaci ne ya ba shi ƙarfi. Namijin da aka aiko da saƙo daga gida, wanda bai taɓa sayen zane ba sai na lefe, ba shi da wannan ilimi, kuma araha ba ta ado.

In kuma kansa yake nema wa sutura, ya shiga wani sabon babi. A ce kaftaninsa ya yage a mota, ga Juma'a ta matso. Ɗinkakken kaftani irin wanda zai ɗauka a rataye a Kano ba kasafai ake samunsa ba. Jallabiya ta cika ko'ina. Shadda akwai, amma ta biyo ta Kumasi ko Lome ko ma Kanon da ya baro, kowane hannu ya ɗora ribarsa. Tela zai karɓe shi da fara'a, ya auna shi, ya fito masa da ɗinkin da samarin Ghana suke so: riga ɗamammiya da ta tsaya a cinya, wando tsukakke da ba ya barin mutum ya zauna tahiya cikin natsuwa. In ka ce a sake ta, a ƙara tsawo, sai ya dube ka da tausayi ya ce ai wannan ɗinkin tsofaffi ne. Abu guda da ba ya canjawa daga Zariya har Salaga shi ne goben tela.

Saura gwanjo. Gwanjon arewacin Ghana daga kasuwar Kantamanto ta Akra yake tasowa, inda aka ƙiyasta tufafi kusan miliyan 15 suna sauka duk mako daga Turai da Amurka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari suna ƙarewa a bola. A can ake kwance dila, masu zaɓen farko su kwashe na kirki tun da asuba. Abin da ya hau mota ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa arewa zaɓe na biyu ne ko na uku. Da gobara ta cinye mafi yawan Kantamanto a farkon Janairun 2025, masu shimfiɗa kaya a kan leda a garuruwa masu nisa su ma sun ji a jikinsu.

Jinin fatauci ba ya barin Bahaushe ya ga giɓi ya wuce. Da ya ga babu hular kirki, babu ɗinkakken kaftani, zuciyarsa za ta fara lissafin buhu nawa zai kawo daga Kano ya buɗe shago. Gara ya tambaya tukuna. Dokar zuba jari ta Ghana ta 2013 ta keɓe sayar da kaya a rumfar kasuwa da talla ga ƴan ƙasa kawai, ta kuma ce baƙon da ke son harkar saye da sayarwa ya zo da jarin dala miliyan ɗaya, ya ɗauki ƴan Ghana aƙalla ashirin aiki. A kan wannan doka ƙungiyar ƴan kasuwa ta GUTA ta dogara ta yi ta rufe shagunan ƴan Nijeriya a Akra da Kumasi a 2019 da 2020. Dattawan zango kuma ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, iyalai da yawa na Hausawa da Yarbawa suka bar gidaje da shaguna. Hausawan da ka tarar a Salaga da Yendi ƴan Ghana ne kaka da kakanni. Za su kira ka ɗan'uwa, su ba ka masauki, amma a idon hukuma kai da su ba ɗaya ba ne.

Daga Salaga hanya ta bi ta Bimbila zuwa Yendi, fadar Ya-Na, sarkin Dagomba. A nan abin da zai fara cin baƙo shi ne kalanda. Mu mun saba kasuwa tana da rana a mako: ta Wudil Juma'a, ta Ɗambatta Lahadi. Kasuwannin ƙasar Dagomba kwana shida-shida suke zagayowa, don haka wadda ta ci Litinin wannan karon, Lahadi za ta ci karo na gaba, sannan Asabar. Wanda aka ce masa "ranar Litinin muka je, kasuwa ta cika", ya ɗauki Litinin ya riƙe, zai zo ya tarar da rumfuna da awaki. Ba a rubuta wannan a ko'ina. Kowace yarinya mai talla ta san shi da ka.

Abin da ke kawo mai neman tufa Yendi shi ne fugu, wanda ake kuma kira batakari, rigar saƙi ta arewacin Ghana. A nan ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin rigar tana kama da abin da muka sani, kuma kamar ce take yaudara.

Da siraran saƙa ake yin ta, kowace faɗinta bai wuce tafin hannu ba, irin wadda masaƙanmu suke fitarwa. Akwai ma zanen fari da baƙi mai kama da gashin zabo, wanda duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar rigar saƙi a adakar kakansa zai gane nan take. Mafi daraja ita ce ta Daboya, garin Gwanjawa a bakin Farin Volta, inda har yanzu ake rina zare da baba a karofi. Amma ɗinkin daban yake. Daga kafaɗa zuwa ƙirji rigar ta zauna daidai jiki, daga nan sai a yi ta cusa ƙarin saƙa a tsakani, tana buɗewa tana faɗi, har gindinta ya tara yadin da zai isa wata rigar. Tsawonta bai cika wuce gwiwa ba. Akwai mara hannu, dangin ƴar shara, akwai mai hannu, akwai kuma manya masu faffaɗan hannu na sarakuna da masu sarauta. A ɗaga ta da hannu ɗaya a ji: tana da nauyi, musamman mai shafi, kuma a watan Maris da Afrilu zafin wannan yanki yakan kai digiri 40.

Mai saye zai nemi wurin gwadawa, babu. Madubi, sai in an dace. A tsakiyar mutane za a zura maka ita a kan kayan jikinka, mai sayarwa ya ja kafaɗa ya daidaita wuya, maƙwabtansa su ajiye allura su zo kallo. Kai kana duba tsawo, kana jin kamar an sa maka rigar da ba a gama ba. Su kuwa wani abu suke jira.

"Alhaji, juya mana."

Ka juya a hankali, irin juyin mai babbar riga. Sai a yi dariya, wani saurayi ya karɓa ya sa, ya ɗan duƙa ya wulwula jiki sau ɗaya, rigar ta tashi ta buɗe kamar laima ta sake kwantawa. Wannan shi ne awon. Babbar rigarmu an yi ta ne don tafiyar ƙasaita da naɗe hannu a kafaɗa. Fugu an yanka ta ne don rawa a gaban makaɗa, a bikin Damba na watan Maulidi da wajen jana'izar manya, kuma kuɗin da kake ganin ya yi yawa a cikin wancan tarin yadin na gindi yake. Wanda ya ce a rage masa faɗin don ta yi sauƙi, za a yi masa, amma ya sayi abin da ɗan gari ba zai sa ya je fada ba.

Farashi ba a rubuce yake ba, kuma riga biyu masu kama ɗaya a ido sukan bambanta ninki uku ko huɗu. Dalilan na gaske ne: zaren kaɗin hannu ne ko na kamfani, rinin baba ne ko na garin kanti, ɗinkin hannu ne ko na keke, saƙa nawa ta shiga. Sai dai baƙo ba shi da hanyar tantancewa, kuma a nan ake cin amanarsa in za a ci, a ba shi zaren kamfani da sunan Daboya. Ga kuma ɗan rakiya. Da wuya ka isa wurin maɗinki ba tare da wani mai babur ya ce ya san wanda ya fi kowa ba, kuma kuɗin da za a faɗa maka da la'adarsa a ciki. Na sha jin matafiya suna kiran wannan cuta. Ni ban ga cutar ba. Tsarin maigida da dillali ne, wanda kakanninmu suka yi ƙarnuka suna ci da shi a wannan hanyar: baƙo ya sauka gidan wani, shi ya san mai kaya, shi ya tsaya masa, a cire masa nasa. Bambancin kawai shi ne dillalin da yana ɗaukar alhaki in kaya suka fito da aibi, na yanzu kuwa ya tada babur ya ɓace. Mayar da kaya bayan an biya kuwa, kada ma a fara.

Wani ƙorafin da ke ba ni dariya shi ne na zuba. Mutum ya sa sabuwar fugu ta Daboya a kan farar singileti, ya yi gumi, ya cire ya ga wuya da ƙirji sun yi shuɗi, ya koma yana faɗa. Mai sayarwa zai ce ai shaidar ta gaske ke nan. Gaskiyarsa. Mutumin da ƙasarsa ta yi suna da turkuɗin Kura, wanda Buzaye suke saye da tsada saboda shunin da yake bari a fata, bai kamata a koya masa wannan a Yendi ba. Ba a kuma yawan wanke ta. Shanyawa ake yi a inuwa, a kakkaɓe, a ninke.

Hular da ake haɗawa da ita ma tana da ƙa'ida. Yadda aka karya ta magana ce. Karyawa gefe alamar zaman lafiya ce, kowa yana iya yi. Tsayar da ita ƙyam ko tura ta gaba kuwa iƙirari ne na fifiko, kuma baƙon da ya shiga gaban mai sarauta da irin wannan karin, don kawai ya ga ya yi masa kyau a hoto, ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Mai sayarwa mai kirki zai miƙa hannu ya gyara maka ita kafin ka bar wurin, ba tare da ya ce komai ba.

Tsadar tana da wani dalili: rigar ta daina zama ta arewa kaɗai. Da ita Kwame Nkrumah da abokansa suka tsaya a Akra daren 6 ga Maris 1957 suka shelanta ƴancin kai. Rawlings ya yi ta sa ta. Tun 2004 gwamnati take ƙarfafa sa kayan gida ranar Juma'a a ofisoshi, kuma a farkon 2026, bayan wasu sun yi wa Shugaba John Mahama ba'a a intanet kan fugun da ya sa a ziyarar Zambiya, gwamnatinsa ta ware Laraba ta zama ranar fugu. Ƴan siyasa suna ba da ɗinkinta da launin jam'iyya gab da zaɓe, ƴan Ghana mazauna Ingila da Amurka suna aiko da kuɗi ta waya. A Yendi kanta, tun da aka naɗa Ya-Na Abukari na II a Janairun 2019, bayan dogon rikicin da ya biyo kisan Ya-Na Yakubu Andani na II a 2002, Damba ta dawo da ƙarfinta, kuma wanda ya zo saye ana saura mako biyu biki zai tarar da masaƙa sun cika da aikin mutane. Ba da kai kaɗai ake rububi ba, shi ya sa maɗinkin bai damu ka tafi ba.

Daga Yendi sai Bawku, wadda take can ƙuryar arewa maso gabas, inda Ghana ta haɗu da Burkina Faso da Togo. A nan Hausa ta fi ko'ina aiki, domin ita ce ke haɗa Kusasi da Mamprusi da Busanga da Moshi a wajen ciniki. Kasuwarta kwana uku-uku take ci, wani lissafin ke nan kuma. Kuɗi iri biyu suke yawo, sidi da sefa, kuma in mai kaya ya ce jaka, mutumin Maraɗi zai ji sefa dubu, dattijon Kano ya ji naira ɗari biyu, sai an tsaya an fayyace. A da, nan ne wurin da ya fi dacewa da mai neman yadi da rahusa, saboda kasuwar Sinkase tana nan kusa a bakin iyakar Togo, cike da kayan da suka sauka a tashar Lome.

Amma a Bawku takaicin mai sayen riga ya zama ƙaramin abu. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, wanda ya faro tun wajejen 1957, ya sake tashi a ƙarshen 2021, ya ci rayuka masu yawa. A watan Nuwamban shekarar kwamitin tsaro na yankin ya haramta sa fugu a cikin garin, saboda ana ɓoye bindiga a ƙarƙashinta. Faɗin nan da aka yi don rawa, da manyan aljihunta na ciki, su suka ja mata. An kuma hana maza hawa babur, aka sa dokar hana fita da aka yi ta sabuntawa a kai a kai. Gari ne da ke da masaƙansa da maɗinkansa na fugu, aka wayi gari mutum yana iya ɗinka ta, yana iya sayar da ita, amma mai saye ba zai sa ta ya fita ƙofar shagon ba. Irin waɗannan dokoki ana sassauta su ana tsaurarawa gwargwadon hali, kuma a 2025 Asantehene Otumfuo Osei Tutu na II ya jagoranci zaman sulhu. Matafiyin da ya taso daga Yendi yana ɗokin sabuwar rigarsa, ya bar ta a ƙasan jaka har sai ya tambayi mai masaukinsa.

Tambayar ba ta tsaya kan riga ba. Rikicin ya raba unguwanni, ya shafi inda mutane suke cin kasuwa da wanda suke saye a wurinsa, har da motar da suke shiga. Baƙon da ya saba zagaya kasuwa rumfa rumfa yana kwatanta farashi, ya fita wannan layi ya faɗa wancan, a nan mai masauki zai ce masa a'a, ga inda za mu je, ga lokacin da za mu dawo. Mai shago ma ba shi da lokacin doguwar tayayya. Rana na karkatawa hankalinsa yana kan kwaɗo da hanyar gida. Zai faɗi kuɗi sau ɗaya, ya rage kaɗan, in ka ce ba ka da isasshen sidi ya nuna maka lambar MoMo, ta tura kuɗi ta waya, a jikin ƙofa. Kai kuma layin wayarka na Nijeriya ne, sai ka nemi wakili a bakin titi ka ba shi tsaba ya tura, ya cire nasa. Harajin tura kuɗi ta waya da aka ƙaƙaba a 2022 dai an soke shi a 2025, wannan ɗaya ya ragu.

Wanda ya ce bari ya tsallaka Sinkase ya huce haushi zai samu atamfa da leshi da shadda a kan kuɗin da zai sa ya manta da lissafi. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba shi damar wucewa ba biza. Ba ta ba kayan Sin da Holan da ke cikin jakarsa wannan damar ba. A kowane shinge, na Ghana in ya dawo ta nan, na Togo da Benin in ya miƙe gabas zuwa gida, jami'in kwastan zai zuge jaka ya ƙirga turame, ya tambaya na sawa ne ko na sayarwa. Turmi biyu ko uku ba a magana. Mai mata biyu da ƴaƴa mata biyar da surukai, wanda kowacce ta yi masa kashedin kada ya dawo hannu rabbana, zai daɗe a tsaye yana bayani, direba yana danna masa oda.